Hular Ƙarfe a Goshin Motar Baba

Gara in faɗa tun daga bakin ƙofa kada wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labarin ni ne. Yanzu da furfura ta cinye mini gemu, jikoki suna hawa wuyana suna ce mini tsoho, wasu na ɗauka da hankalina aka haife ni. Allah ya ba su haƙuri. Wata Asabar ce a ƙarshen bazarar da ta biyo bayan tarewar gwamnati a Abuja, farkon shekarun casa'in ke nan, ina ɗan shekara goma sha huɗu ko kusa da haka, ina tsaye ba takalmi a kan bonet ɗin motar mahaifina a rumfar wani mai walda a Madalla. Bonet ɗin ya ɗauki zafi har ina ɗaga ƙafa ɗaya ina sauke ɗaya kamar zakara a kan kwanon rufi, amma ban sauka ba, domin hannuwana biyu suna tallafe da wani faffaɗan ƙarfe da ake shirin ɗaura wa motar a goshi, saman gilashin gaba, don ya tare rana. Mai waldar, Sande sunansa, mutumin kudu ne mai faɗin ƙirji da ke haya a bayan kasuwa, ya hau kan rufin motar ya durƙusa yana huda shi. Duk hudar da ya yi sai garin ƙarfe ya zubo mini a gashi, ni kuwa ina jin kaina kamar wanda ake yi wa naɗin sarauta. Baba yana can gindin mangwaro ya juya mana baya, kamar uban da ake yi wa ɗansa kaciya. Da Sande ya ɗaure noti na ƙarshe ya diro, sai ya bugi ƙarfen da tafin hannu, ya ce da Hausarsa mai tsalle-tsalle, "Baba Iro, wannan aiki, kai za ka mutu ka bar shi." Muka yi dariya. Ni na fi kowa buɗe baki.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce fara, mai katako a baya, kuma ita ce gonarmu, ita ce rumbunmu. Gidanmu yana unguwar Magajiya a Suleja, gidan ƙasa mai zaure, da rijiya a tsakar gida, da bishiyar gwaiba da ba mu taɓa bari 'ya'yanta sun nuna ba. A shekarun nan gari ya cika da baƙi, Kanawa da Katsinawa da Zagezagi masu aiki a Abuja suna kwana a Suleja, har ɗakin da Inna take ajiye tukwane sai da aka share aka sa wani masinja a ciki. Duk wanda ya zo kuwa da tarkacensa yake zuwa, shi ya sa Baba bai rasa lodi ba: yau bulo da siminti zuwa wurin gini, gobe doya daga ƙauyen Garam, jibi gadon wani ma'aikaci da katifarsa da matarsa a zaune a kai. Aikina da sassafe shi ne in ja ruwa in cika wa Inna randa, in dama wa akuyarta dusa, in share zaure, sannan in wanke motar. Da yake batirinta ya daɗe da yin ritaya, Baba kan ajiye ta a kan gangare, ni da yaran maƙwabta mu tura har ta yi tari ta kama, mu bi ta da gudu cikin hayaƙi, sannan mu dawo mu ɗauki jakar makaranta, mu isa a makare mu sha bulala a bakin ƙofa. Sauran yara suna langa da gare da harbin ƙadangare da danƙo; ni kuwa motocin gwangwani nake ƙerawa, da tayoyin da na yanka daga tsohon silifa, ina ba da hayarsu a kan ƙuli-ƙuli. Daga nan Baba ya fara ce mini Injiniya. Shi da wasa yake faɗa. Ni na ɗauka da gaske.

Wanda bai yi tuƙi tsakanin Suleja da Abuja ba, ba zai gane muguntar hanyar nan ba. Da safe ka nufi gabas, rana tana fitowa daidai tsakiyar idonka. Da yamma ka juyo gida, ka tarar ta riga ka zagayowa tana jiranka a gaba, kamar wadda aka aiko musamman. Baba kan dawo idonsa jajur, hawaye na bin kumatunsa, yana goge su da wani tsumma da ya rataya a jikin giya. Sai ciwon kai ya biyo baya. Sai ya fara cewa in ya dubi fitilar ƙwai yana ganin bakan gizo ya kewaye ta. Mu yara abin ya burge mu, muka riƙa runtse ido ko mu ma za mu gani. Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sa masa kwalli, ta jiƙa masa sassaƙe, da ta ga abin ba ya ja da baya sai ta ce ta ji akwai asibitin ido a Kaduna, a je a duba. Ba ta tsaya a baki ba, ta sa aka ja akuyarta kasuwa don kuɗin mota da na magani.

Matsalar ita ce tasha. A tasha direba zai iya cewa yana da basir, yana da ciwon baya, ya ma ce aljanu sun taɓa shi, a yi masa sannu a ba shi lodi. Amma ranar da aka ji ya taka asibitin ido ya gama tuƙi, ko da likita ya wanke shi tas. Ba mai sa doyarsa, balle matarsa, a motar wanda ake raɗe-raɗin ba ya gani. Baba ya san haka, ya kuma san yawan bakunan da ke jiran motar nan ta dawo. Sai ya riƙa ɗaga tafiyar: bayan sallah, bayan an gama lodin ginin nan, bayan ruwa ya sauka.

A nan ne Injiniya ya shigo da iliminsa. Ina aji biyu a ƙaramar sakandare a lokacin, kuma duk abin da malamin kimiyya ya koyar, magana ɗaya ce ta zauna mini a kai, wato haske a miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa. Na kuma taɓa ganin motar wasu Turawa masu aikin hanya da wata 'yar rumfa shuɗiya a saman gilashinta. Na haɗa wannan da wancan, na ɗauki gawayi na zana a bangon zaure: ga rana, ga idon Baba, ga layi ya miƙe tsakaninsu, ga kuma abin da zai datse layin. Na yi bayani da muryar mai karanta labarai a rediyo cewa ba ciwo ba ne, rana ce. A raba shi da rana, an raba shi da hawaye. Ban taɓa ganin Baba ya karɓi maganata da sauri irin na ranar ba. Sai da na girma na gane ba zanena ne ya gamsar da shi ba. Mutum ne da yake neman ƙofar da ba ta ɓulla Kaduna ba, ni kuma na buɗe masa ita har da shimfiɗa tabarma. Inna tana tankaɗe a bakin zaure daga ciki. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kama sunana. Ta dubi bangon, ta dube ni, ta ce, "Yaron nan, in ka gama aikin likitan ka wanke mini bango." Kuɗin akuya dai Madalla suka nufa.

Sande yana da wata hula, wato irin rumfar gilashin nan, ta roba da aka ciro daga motar da ta yi haɗari, mara nauyi, wadda ake maƙalawa a gefen rufi ba sai an yi huda ba. Ya ce aibinta ɗaya, rana kan busar da irinta ta tsattsage bayan 'yan shekaru. Ina jin haka na ce Allah ya kiyaye, mu ba ma sayen abin da zai mutu. A gidanmu ma'aunin kaya ɗaya ne, ƙarko. Tukunya ce, takalmi ne, bokiti ne, ana tambayar shekara nawa zai yi kafin a tambayi me zai yi. Na zagaya bayan rumfa na nuna wani ɓallin tankin ruwa mai kauri da ciyawa ta fara rufewa, na ce wannan nake so. Sande ya ɗaga kafaɗa, ya yanka, ya lanƙwasa, ya yi masa 'yan ƙafafu biyu a gefe, sauran nauyin kuma ya ɗora wa rufin. Ba wanda ya tsaya ya tambayi rufin ko zai iya, alhali da kaɗan ya ɗara gwangwanin madara kauri.

Muka shigo gari da la'asar kamar masu kawo amarya. Washegari na shafe hular da koren fenti, na shafe rabin wandona tare da ita. Kafin mako ya zagayo 'yan tasha sun raɗa wa motar suna Hana-Sallah, don ta yi kama da mutumin da ya kifa hular nan mai baki a gaba. In faɗi gaskiya, hular ta yi aikin da aka sa ta. Ranar safe ta daina dukan Baba kai tsaye, hawayen ya ragu, ya daina tuƙi da hannu ɗaya a goshi. A makaranta na riƙa tara yara a gindin darbejiya lokacin tara, ina zana musu layin haske a ƙasa da tsinke, har wani ya ba ni rabin rakensa don in tsara wa babansa mai babur irinta. Maganar Kaduna ta mutu murus. In Inna ta tayar da ita, Baba ya nuna ƙofar gida da haɓa ya ce, "Ga asibitina can a waje."

Sai hular ta fara nuna halinta. Da farko kuka ne. Da mota ta ɗan yi gudu, iska ta shiga ƙarƙashinta ta riƙa wani gunji kamar saniyar da aka raba da maraƙinta, tun kafin mu shigo unguwa Inna ta san lokacin kwashe tuwo ya yi. In tirela ta wuce mu, sai ka ji an fizgi kan motar sama, sitiyari ya yi rawa a hannu. Ta ƙara wa motar shan mai, a shekarun da mutum kan yini a layin gidan mai ya dawo da tanki a bushe. Cikin motar ya yi duhu kamar ɗakin mai jego. Sama ta ɓace mana gaba ɗaya: Dutsen Zuma sai gindinsa muke gani, fitilun ba da hannu na Abuja kuwa sai Baba ya kwantar da kai a kan sitiyari ya leƙa, kamar mai neman kaza a ƙarƙashin gado. Zanzaro ya jera gidajensa a ƙarƙashin hular, rina ma ta zo ta kama haya. Da damina ta kankama, ruwa ya bi hudojin nan yana ɗiga daidai cinyar Baba, ya sauka a tasha da wando a jiƙe, 'yan kamasho suna masa tsiya wai ya girma da wannan.

Ba a rasa Injiniya da magani ba. Kowace safiya bayan wanki in hau bonet da sufana in ƙara ɗaure notunan, in cusa tsumma da sabulu a bakin hudojin. Ina ganin wani jan gari na fitowa kamar dakakken barkono, in hure shi in ci gaba. Ashe tsumman nan ruwa yake sha ya riƙe, rufin yana ruɓewa a ƙarƙashinsa, ni kuma duk ɗaurin da na ƙara, ƙara nutsar da notin nake cikin ruɓaɓɓen ƙarfe. Hular kuwa ko gezau, fentinta ma bai ɓare ba. Ina nuna ta ga duk wanda ya tsaya, ina cewa a dubi aiki.

A damina ta biyu ne Baba ya fara cewa in raka shi. Da farko Asabar da Lahadi, daga baya ranakun lodin Garam, daga baya kullum. Ya ce hular nan tawa ta sa gefen hanya ya yi masa duhu, tunda ni na kawo ta, ni zan zauna in riƙa gaya masa abin da ke gefe. Haka muka ƙirƙiro irin tuƙinmu, mutum biyu a sitiyari ɗaya, shi da hannu ni da ido. "Mai keke a dama, Baba." "Tumaki a hagu, sun tsaya." "Rami, ɗan kauce." Na ƙware har in akwai fasinja a gaba ba sai na buɗe baki ba, in taɓa gwiwarsa da tawa ya gane. In mun tsaya a kasuwa in riga shi sauka, in kama gefen rigarsa kamar ina shagwaɓa, ina kautar da shi daga benci da turmi. Ni a ganina girma aka ba ni. Abokaina suna aji suna haddace sunayen koguna, ni ina gaban mota ina cin tsire da direbobi. Jakar makarantata ta rataye a ƙusa har gizo-gizo ya yi mata labule. Karatun ke nan har yau, shi ya sa in kun ga rubutuna yana ɗingishi ku yi masa uzuri.

Ban taɓa tambayar kaina yadda abin da ke sama zai hana mutum ganin gefe ba, alhali ni da ke zaune a ƙarƙashinsa ina gani sarai. Da can rana aka ɗora wa laifi, yanzu an ɗora wa hula, ciwon kuma yana ta aikinsa ba mai damunsa. Wata rana da hantsi, ranar da ba lodi, Inna ta miƙa wa Baba kofin koko ta gefensa. Ta tsaya da hannu a miƙe, shi yana kallon gabansa yana jan carbi. Ta daɗe a haka, har tururin ya ragu. Sannan ta zagayo ta gabansa ta ajiye.

"Malam," ta ce a hankali, "ka cire yaron nan daga makaranta ka mai da shi sanda, kuma mutane kake ɗauka a bayan motar nan."

Baba ya ce, "In na ajiye ta, ke za ki ci da mu?"

Ta ce, "In ka kashe 'yar mutane, wa zai ci da mu?"

Ya tashi ya fita, ya yi karo da randa a hanya. Ni ina gefe ina jin haushin Inna, wai ba ta san darajar fasaha ba.

Cikin masu hawa bayan motar akwai Mama Talatu, 'yar ƙabilar Gbagyi ce daga wani ƙauye a bayan Garam, mai sayar da doya da tukwanen da take ginawa da hannunta. Matansu ba sa ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗorawa cikin wata babbar ƙwarya, don a wurinsu kai ya fi ƙarfin dako. Na sha ganin ta sauko daga tudu da lodin da ƙarti biyu za su tsaya gardama a kansa. Mijinta ya tsufa, kafaɗar nan ce ke ciyar da gidansu kamar yadda motar ke ciyar da namu. Kullum takan ware mini ƙaramar doya ta ce, "Ɗan direba, gasa wannan ka yi ƙiba." Ba ta yarda ta zauna a gaba, wai gunjin hular yana sa mata ciwon kai. Takan hau kan lodi daidai bayan kan motar, ta rungume tukwanenta kamar jarirai.

Ranar da abin ya faru, wajen ƙarshen damina ne, mun taso daga Garam bayan la'asar mun hau babban titi. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin a bayanmu, iska tana kwantar da dawa a gonaki, rana kuma ta sauko ƙasa-ƙasa a gabanmu. Baba ya ƙara wuta don mu riga ruwa. Hular tana gunji fiye da kullum, kuma ina jin wani sabon sauti a ciki, ƙas-ƙas, kamar kare na tauna ƙashi, na ce a raina gobe zan ƙara ɗaurewa. Sai ga tirela ta taho a guje ta ɗaya hannun. Tana gifta mu na ji an yage wani abu a saman kaina kamar yadda tela ke yage ƙyalle. Ba hular ce ta karye ba. Rufin ne ya sake ta. Ta tashi da notunanta, da ɓallin rufin a jikinsu, ta kifa baya.

Haske ya afko cikin motar lokaci guda. Idon da ya daɗe a inuwa, rana ta same shi tsirara. Baba bai yi ihu ba. Cewa ya yi, da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba, "Injiniya, ina hanya?" Na kama sitiyari na ja, shi ya danne birki, motar ta sauka daga titi ta soka hanci a rami ta jingina. Doya ta watse ko'ina.

Hular ta sami Mama Talatu tsakanin wuya da hannu kafin ta wuce cikin gona. Na tarar da ita zaune a ƙasa cikin fasassun tukwane, hannun ya saki yana lilo, zanenta ya jiƙe da jini. Ba ta kuka, tana dai kallon kafaɗar kamar ta wata ce aka ba ta ajiya. Motoci suka tsaitsaya, mutane suka taru, cikinsu har da direbobin tasharmu. Baba ya fito yana kira, "Talatu, kina ina? Talatu." Tana nan a gefensa, da zai miƙa hannu kanta zai taɓa. Ya wuce ta, yana taka doya yana tuntuɓe, hannuwansa a gaba suna laluben iska. Ni kuwa na daskare, na manta aikina na kama riga. Wani dattijon direba ne ya je ya kama hannunsa ya juyo da shi. A nan, kafin ɗigon ruwa na farko ya sauka, sana'ar Baba ta ƙare a gaban shaidu.

An kai ta asibiti, daga baya danginta suka mai da ita wurin mai ɗori. Ta rayu, amma ƙashin ya haɗe a karkace, kafaɗar ba ta sake ɗaukar ko tulu ba. Mutanenta ba su kai mu ƙara ba, kuma da sun kai da ya fi mana sauƙi. Da ta ɗan murmure na ja Baba muka je gaishe ta. Muka same ta a gindin ɗorawa tana koya wa ƙaramar 'yarta ginin tukunya da baki, tunda hannu ɗaya ba ya gini. Baba ya durƙusa yana neman gafara, yana fuskantar inda ba ta. Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Direba, da ka gaya mini ba ka gani, da na hau duk da haka, ba wata mota a hanyarmu. Amma da na zauna a inda zan iya tsalle." Da za mu tafi ta sa aka kawo mini ƙaramar doya. Ban iya gasa ta ba. A bayan randa ta tsiro.

Kaduna kuwa mun je daga ƙarshe, bayan an sayar da injin motar da tayoyinta, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Likita ya daɗe yana haska idon, ya tambayi yaushe aka fara ganin bakan gizon. Da Baba ya faɗa, sai ya ajiye fitilarsa. Ya ce ciwo ne da ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, abin da ya ci ba ya dawowa, amma da an zo da wuri akwai maganin ɗigawa da kan riƙe shi. Ya ba mu maganin saboda ɗan abin da ya rage, ɗan abin ma bai daɗe ba. Baba ya koma zaure, kusa da bangon da na yi zanena, wanda duk da wankin da na yi ana ganin inuwar layin nan. Yana tufka igiya, yana gane motocin tasha da kukan injinsu, yana faɗin wadda giyarta ta kusa zubewa. Bai taɓa ce mini kai ka jawo ba. Bai kuma sake ce mini Injiniya ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Gangar motar ta zauna a ƙofar gida kaji suna ƙwai a ciki, har masu sayen tsohon ƙarfe suka zo suka kwashe. Inna ta kafa kaskon ƙosai a bakin titi, ni na zama yaron mota, daga baya na koyi facin taya, wanda nake kai har yau.

Hular fa? Bayan 'yan kwanaki wani manomi ya tsince ta a cikin dawarsa. Ya gane ta, don duk yankin ba mai irinta, ya ɗauro ta a keke har ƙofar gidanmu, ya tsaya yana jiran godiya. Ko lotsawa ba ta yi ba. Na so in kai ta bola, Inna ta ce a'a, akuyarta ce, ita ba ta yar da akuya. Ta sa aka kafa ta a saman ƙofar ɗakinta tana tare mata feshin ruwa.

Yau hanyar ta zama tagwaye, Madalla ta cika ta batse har ban iya nuna inda rumfar Sande take ba, mangwaron ma an sare. Rana ce kawai ba ta canza wurin tsayuwa ba, safe da yamma. Ina zaune a rumfar facina ina ganin samari da sababbin a-kori-kura masu ƙyalli, wasu sun ɗaura irin hular nan, ta roba, baƙa, har da 'yan fitilu a jere. In sun tsaya sa iska nakan gyara murya in ba su lacca kyauta, cewa kada su bari a huda musu rufi, abin da zai tsage su bar shi ya tsage a sayi wani, in kuma ido yana hawaye a kai shi inda ake duba ido. Sukan ce tsoho ya fara, su ba mota wuta. Wani lokaci in tirela ta wuce, iska ta yi irin gunjin nan a kwanon rumfa, sai in ji gwiwata tana neman gwiwar wani.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, haƙori ya ƙare amma harshe yana nan. Kwanan baya na je gaishe ta da jikana, ruwa ya tare mu a ƙofar ɗakinta. An sake ginin ɗakin da bulo, an canza kwano, hular dai an mai da ita inda take. Muna tsaye a ƙarƙashinta sai tsohon halin ya motsa. Na ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta amsa da ƙara kamar sabuwa, na ce wa yaron, "Ka ga aikin da? Ni na zaɓi ƙarfen nan da hannuna. Shekara talatin da ɗoriya, ko tsatsa ba ta huda shi ba. Inna, ko ba haka ba?"

Tana zaune a kan tabarma tana ɓare gyaɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Haka ne, yaron nan, ta yi ƙarko. Ta ga bayan akuyata, ta ga bayan motar, ta ga bayan kafaɗar Talatu da idon ubanka. Janye mini jikanka daga ƙarƙashinta. Kai ka tsaya, kai kaɗai ka rage mata."